Inda Haƙoran Bhuri Suka Tafi

Matso in faɗa maka inda haƙoran Bhuri biyu suke. Kai, tsaya tukuna, ai sai ka san mai giɓin.

Bhuri ta zo unguwarmu ta masu kwasar kashi tana amarya. Lallen hannunta bai goge ba uwar mijinta ta miƙa mata gado: kwando, guntun gwangwani na kankare kashi, da masai na gida ashirin. Shekara talatin tana ɗaukar kashin manya a ka. Da damina kwandon ya riƙa zuba mata a fuska. Ladanta kwantan gurasar roti, a jefo daga nesa kada hannu ya taɓa hannu. Har kudajen garin sun san sunanta.

Da ɗanta ya auro Sarita, kowa na jiran ranar miƙa kwando. Bhuri ta fito da shi tsakar unguwa, ta cinna masa wuta.

Kwana uku gidajen manya suka cika da kashi har bakin ƙofa. Sai ga Thakur Jaswant, mai gonakin garin, da ƙarti huɗu. In ka ji ni a kasuwa, arba'in ne.

"Ke tsohuwar kilaki, fito da yarinyar nan!"

"Ranka ya daɗe, cikinku ne, ai hannunku ya fi kusa."

Gora ta sauka a bakinta. Ta biyu ta fasa mata goshi, jini ya jiƙa zanen sari da ke jikinta. Da gora suke dukan, daga nesa, don ba wanda zai yarda fatarsa ta taɓa tata. Bhuri ta lura da haka. Ta rarrafa ta rungume ƙafar Thakur, ta kafa masa haƙora a sharaɓa. Ya yi ta kururuwa a ɓamɓare ta. Wa zai sa hannu? Ƙartin suka tsaya suna kallon juna. Ba ta sake shi ba sai da ya rantse da kan 'ya'yansa ba mai ƙara kiran Sarita. An ce wanka bakwai ya yi, ni na ce saba'in.

Haƙoran fa? Jiya na laɓe bayan katangarta, na ji Sarita na tambaya.

"Inna, wai da gaske suna cikin ƙafarsa?"

"Ɗaya gora ta ɗauke. Ɗayan kuwa..."

Na ƙara miƙa wuya, sai tsintsiya ta sauka a ƙeyata.

"Dulari uwar gulma! Sauran talatin suna nan. Kawo ƙafarki ki ƙirga!"