Taswirar Kaka Ilu a Farantin Shinkafa

Kun dai san ba a cin abinci da Kaka Ilu cikin kwanciyar hankali. Da an ajiye farantin shinkafa a gidanmu na unguwar Tandabawi, nan ƙasa mai tsarki, sai ya sa yatsa ya ja layi: nan tashar Sawakin inda suka taso, nan Bahar Maliya, cinyar kaza kuma jirgin ruwan da ya kawo su yana ɗan shekara bakwai. Ba mai kai loma sai jirgi ya iso gaɓa. Kullum kuma wuri ɗaya yatsan ke tsayawa, inda Innarsa ta cika ranar da suka sauka, aka binne ta taku arba'in daga bakin ruwa. Kabarin nan ya yi ta nema har tsufansa.

Ni jikansa mai tasi, ni na sha wuyar. Na taɓa buɗe masa taswira a waya, ya dube ta sheƙeƙe.

"Wannan abar ta taɓa yin amai a jirgi?"

Na ce a'a.

"To ba ta san teku ba."

A Jidda kuwa kunya ya ba ni. Muna tsallaka kwalta kusa da tsohon gari, tsohon nan ya tattare jallabiya har gwiwa. Wai nan ruwa ne, cikewa aka yi, kuma mai wuri zai dawo ko ba jima ko ba daɗe. Mutane na kallo, ni ko na yi kamar ban san shi ba.

Zuwanmu na ƙarshe neman kabarin, a bakin teku kudu da garin Shu'aiba ne. Ya ƙirga taku arba'in, ya ce ba nan ba ne. Muka matsa gaba, ya sake. Rana ta dafa ni, haushi ya kama ni, na tambaye shi takun yaro yake ƙirgawa ko na tsoho, kuma daga ruwan safe ko na yamma. Ina rufe baki na yi nadama, wallahi.

Can ya shiga mota, ya sauke gilashi, ya ce in bi gaɓa a hankali kamar mai kai amarya. Motoci na ta danna mana hon. Na ce me kuma muke yi?

"Tunda ban gane ƙofar ba, sai in yi sallama a duk unguwar."

Haka muka tafi har la'asar, kansa a taga, yana ta faɗin, "Salamu alaikum Inna, Ilu ne."

Allah ya jiƙan Kaka, ya sada shi da mahaifiyarsa a Aljanna, ya jiyar da shi amsarta.