Kifayen Yaya Idi

Duk wanda ya taɓa shiga gidan Yaya Idi a Kazaure ya san sallama kawai yake amsawa. Gaisuwa kuwa sai ya gama shinshina ruwan kifayensa. Kana tsaye, ya kafa hanci a bakin akwatin gilashin nan, can ya ɗago ya ce, "Ruwa lafiya. To, kai ya gida?"

Ni taubashiyarsa ce, ni kaɗai ke iya tsokanarsa in kwana lafiya. Ya daɗe yana malamin dabbobi tsakanin Roni da Gwiwa. Da ya yi ritaya, matarsa ta rasu, 'ya'ya kuma duk sun yi nisa, sai ya sayo jajayen kifaye bakwai daga Kano, babu wanda ya kai tsawon yatsa.

Ruwan famfo ba ya taɓa su sai ya kwana biyu a buɗe, wai maganin da ake zuba masa ya fice. Wata rana na shigo da ƙishirwa, na nufi randa.

"Kul! Ta kifi ce."

"To ni fa, Yaya?"

"Ga famfo can. Ke ai kin fi su ƙwari."

Kun tuna ɗaurin auren ɗan ƙanensa a Babura? Mota na jira a waje aka ɗauke wuta. Injin da ke ba kifaye iska ya tsaya, suka taso sama suna haki. Yaya ya tuɓe babbar riga, ya ɗauki moɗa, yana ɗiba yana kwararowa.

Na ce, "Haba Yaya, kai ne fa wakilin ango!"

"Angon yana numfashi?"

"Yana yi mana."

"To waɗannan ba sa yi."

Haka aka ɗaura babu shi.

Akwai lokacin da ɗaya daga cikin kifayen ya feso da fararen ɗige-ɗige, yana goga jiki da duwatsu. Yaya ya ware shi a roba, ya sa masa gishiri ɗan kaɗan. Sai ga tsohon amininsa, Ardo Bello, ya leƙa robar ya ce, "Likita, tunda an sa gishiri, saura yaji." Wallahi wata guda bai kula Ardo ba! Kifin kuwa ya warke.

Yakan ce kifi ba ya kuka, sai dai mai shi ya lura. Mu ne ba mu lura ba. Yaya ya rage cin abinci, ya rame, wuni yake a kishingiɗe gaban gilashin. Da na matsa masa, ya ce zafin bazara ne. Kafin mu kai shi asibiti ciwon ya ci jikinsa. Kwanansa shida a can ya rasu. Maganarsa ta ƙarshe da ni ita ce, "Kada ki cika musu abinci."

Ban cika musu ba. Amma saboda masu zuwa ta'aziyya, na ga gilashin ya yi kore, sai na wanke shi tas da sabulu, na sauya ruwan gaba ɗaya. Washegari da hantsi duka bakwai ɗin sun juya ciki sama. A gaban mutane na zauna na yi kukan da ban iya yi ba ranar jana'iza.

Allah ya jiƙanka, Yaya Idi. Allah ya yafe maka, ya shayar da kai daga Alkausara. Ni ma ka yafe mini.