Gicciyen da Ban Mayar wa Gwaggo Ba

Yau da safe na ga ma'aikata suna sare ganyen dabino a unguwar Abu Hail, nan ƙasar Larabawa inda nake aiki, sai na tuna gobe Larabar Toka ce, farkon azuminmu na Kirista.

Gwaggona sista ce a cocin Katolika. A gidan sistocinsu ita ke ƙona busasshen ganyen Lahadin Dabinon bara, ta tankaɗe tokar da ake shafa mana a goshi. Har yau ina jin ƙaurin hayaƙin nan a mayafinta.

Ranar da na je yi mata sallama, ta saƙa ɗan gicciye da ganye, ta damƙa mini. Ta ce, "Aro na ba ka, ɗana. Ka dawo da shi baɗi in ƙona."

Shekara huɗu fasfona na kulle a durowar maigidana a unguwar Al Sabkha. Kullum na nema sai ya ce, "Shwaiya, habibi," wato in ɗan dakata. Da aka bugo waya Gwaggo ta rasu, hutun rabin yini ya ba ni.

Gicciyen na nan a jakata, ya bushe ƙayau. Ubangiji ya ba ki hutawa, Gwaggo. Ki yafe mini aron nan. Shi kam, ni ban yafe masa ba tukuna.