Baƙin Daƙiƙa Uku

Yayana gyaran keken ɗinki yake yi, shekara talatin da ɗoriya ke nan, a wani ɗan shago da ke maƙale tsakanin mai faci da mai sayar da fenti. A layin ba mai kiransa da sunansa, Mai Keke kawai ake ce masa. Ni ce autar gidanmu, ina da shagon buga takardu layi biyu daga nasa, kuma tun muna yara an san ni da baki. Shi kuwa sai ya wuni bai yi jimla goma ba. Mahaifiyarmu takan ce wai rabonsa na magana ya manta a ciki, ni da na zo daga baya na haɗa da nawa.

Shagon ba wani abin kallo. Benci ne guda, da tebur da mai ya jiƙa har ya yi baƙi, da gwangwanayen madara cike da noti da ƙananan kusoshi, sai kawunan kekuna jere a kanta waɗanda masu su suka kawo gyara ba su sake waiwayo ba. A da teloli kan cika bencin nan, ana jiran aiki ana musu. Yanzu kowa ɗinkakke yake saye, yaran telolin kuma na lantarki suke amfani da shi, in ya lalace su yar su sayi wani. Matarsa ta rasu shekara huɗu da suka wuce. 'Yarsa tilo tana aikin jinya a gari mai nisa. Sai ya buɗe shago da safe, ya share, ya zauna, ya rufe da yamma, wata rana ba wanda ya yi masa sallama sai ni.

'Yar ce da ta zo hutu ta bar masa tsohuwar kwamfutarta, ta buɗe masa shafi a intanet, ta ce ya riƙa rubuta abin da ya sani na gyara kada ya tafi da shi. Ta nuna masa wata lamba a can ƙasan shafin, ta ce, "Baba, wannan kuma baƙinka ne, mutanen da suka shigo yau." Da ta san mahaifinta kamar yadda na san shi, da wata kalmar ta zaɓa. Shi baƙo a wurinsa baƙo ne, mutum mai ƙafa da fuska wanda ya bar harkarsa ya tako don kai.

Ya kama rubutu ba ji ba gani. Da biro yake fara yi a littafi, sannan ya kwafe da yatsa ɗaya, gilashi a kan hanci. Yadda ake zuba wa keke mai ba tare da ya ɓata yadi ba, dalilin da zare ke tsinkewa, yadda ake gane bel ya saki. Baƙinsa ba sa wuce tara zuwa sha ɗaya a rana, kuma na tabbata biyu daga ciki ni ce da 'yarsa. Amma akwai mutum ɗaya da ke magana.

Wata mata ce da ke sa hannu da Mai Tsohon Keke. A ɗakinta take ɗinki, kayan makarantar yara take yi wa maƙwabta, da keken ƙafa da ta gada a wurin mahaifiyarta. Duk ranar Alhamis take zuwa, don ranar take sayen data. Sai ta gaishe shi tsaf, ta tambayi aiki da jiki, sannan ta kawo tambayarta. A hankali tambayar ta fara zuwa da rakiya: gwiwarta da ke ciwo in ta daɗe tana taka keke, rufin da ke yoyo daidai kan teburinta, wata da ta kawo wando ta ce a mayar mata da shi riga. Yaya ba ya amsa mata sai ya wanke hannu da sabulu. Ban san garinsu ba, shi ma bai sani ba, bai kuma taɓa tambaya ba. Abin da na sani shi ne ranar Alhamis ce kaɗai nake samunsa yana murmushi shi kaɗai, har nakan tsokane shi in ce ko mu fara shirin kai gaisuwa. Sai ya ce, "Auta, ki ji tsoron Allah. Hira ce ta keke."

Ana nan wani dillalin zare da allura ya roƙi a sa masa ɗan talla a gefen shafin. Abin bai wuce girman akwatin ashana ba, ba ya tare wa kowa hanya, abin da yake bayarwa kuma yana sayen data. Da nan aka tsaya da lafiya lau. To amma bayan wata biyu dillalin ya leƙo ya ga lambar, ya taɓe baki.

"Mutum goma sha ɗaya, Mai Keke? Ai ko a ƙofar shagona sun fi haka wucewa kafin in gama atishawa."

Shi ya koya masa musayar baƙi. Wani ɗan akwati ne kake liƙawa a shafinka yana tallan shafukan wasu, su ma su liƙa naka a nasu. Iya filin da ka ba akwatin, iya mutanen da za a turo maka. In kuma ka zauna ka leƙa shafukan 'yan musayar, daƙiƙa goma-goma, ana ƙara maka maki, makin ya zama baƙi.

Washegari lambar ta zama ɗari da arba'in. Yaya ya tako har shagona da rana tsaka, abin da rabonsa da yi tun rasuwar matarsa, ya tsaya a ƙofa yana haki.

"Auta, ɗari da arba'in. Ko ranar ɗaurin aurena ban tara haka ba."

Na yi masa murna, Allah ya sani. Na daɗe ban ga idonsa da haske haka ba, shi ya sa na haɗiye abin da ya zo mini baki, kuma har yau ina jin haushin kaina a kan wannan shirun.

Daga nan ya ƙara wa akwatin fili. Ya ɗauke shi daga gefe ya kai shi sama. Ya karɓi na biyu a tsakiyar rubutu, na uku mai motsi a ƙasa, sannan wani da ke faɗowa ya rufe fuskar shafin sai ka nemi inda za ka kore shi. A kwamfutarsa mai faɗin fuska duk wannan bai dame shi ba. Lamba ta haura ɗari tara. Ya rubuta dogon sannu da zuwa ya sa a farko, yana ba baƙi haƙuri in an ga gazawa, yana cewa kowa ya saki jiki ya yi tambaya. Ko tari ba wanda ya yi.

Abin da ya fi ba ni dariya da tausayi shi ne yadda yake rama ziyara. An ce daƙiƙa goma, shi sai ya karanta shafin mutum daga sama har ƙasa. Shafin maganin rage tumbi, shafin sayar da filaye, har waɗanda aka rubuta da harshen da bai san ko harafinsa ba, sai ya bi hotunan ɗaya bayan ɗaya, ya bar saƙo a ƙasa: "Na zo, na gaishe ku. Mai Keke ne." Na ce masa Yaya ba haka ake yi ba, dannawa kawai ake a wuce. Ya dube ni ta saman gilashi.

"Ki shiga gidan mutum ki fita ba ki ce masa uffan ba?"

Shi a zatonsa duk ɗari taran nan haka suke yi masa, kunya ce kawai ta hana su magana.

A cikin wannan hidimar ne Mai Tsohon Keke ta aiko da saƙo gajere, ba hirar gwiwa ba ta rufi. Kekenta ya fara tsallake ɗinki yana cukurkuɗa zare ta ƙasa, ga kayan yara talatin ta karɓa, makaranta saura mako biyu a koma. Yaya ya ajiye komai. Ya sauko da wani kan keke irin nata daga kanta, ya kwance shi, ya sa na zo na ɗauki hoto uku da wayata, yatsansa na nuna wurin. Matsalar ba ta taka kara ta karya ba. Wani ɗan noti ne a jikin gidan kwarkwaro, inda zaren ƙasa ke zama, ya saki, a juya shi kwata a canza allura, shi ke nan. Kafin azahar ta washegari amsa tana kan shafi.

Alhamis ta zo, shiru. Wata ta sake zuwa, shiru. Ya fara bin tsofaffin amsoshinsa yana neman inda ya yi mata ba daidai ba. Ya tambaye ni ko kalmar "sakaci" da ya taɓa amfani da ita a kan rashin zuba mai ta yi tsauri. Ya daina cin abincin rana sosai, sai in kawo in dawo in tarar da kwanon a rufe. Lamba kuwa tana ta hawa abinta.

A mako na huɗu ina zaune a bencinsa na ce bari in buɗe shafin a ƙaramar wayata, don kullum a kwamfuta nake dubawa. Shafin ya yi ta juyawa, ya yi ta juyawa. Da ƙyar ya buɗe, sai ga akwati ya rufe fuskar gaba ɗaya, wurin korarsa ya fice daga gefen gilashin wayar. Na danna, ya jefa ni shafin caca. Na dawo, ya sake jefa ni. Kafin in ga kalma ɗaya ta rubutun Yaya, saƙo ya shigo wai datata ta kusa ƙarewa. Nan kaina ya ɗau zafi. Na ja kwamfutar na shiga inda ake ganin bayanin masu shigowa, wurin da shi bai taɓa sanin akwai shi ba, na juya masa.

"Karanta nan. Wannan tsawon zaman baƙin naka ne."

Ya matso da fuska. "Uku. Minti uku?"

"Daƙiƙa uku, Yaya. Wasunsu ma ba mutane ba ne, inji ne ke dannawa. Sauran kuma maki suke nema, ko sunan shafin ba su gani ba."

Ya ce a hankali, "Daƙiƙa uku ko takalmi mutum bai cire ba."

Da na tsaya nan da ya isa, amma bakina ba ya san birki. Na miƙa masa wayata na ce ga abin da baiwar Allahn nan take gani duk Alhamis, da datar da ta tara kuɗinta mako guda. Na ce ya cika gida da 'yan wucewa har mai zuwa don shi ta rasa ƙofa. Ya riƙe wayar da hannu biyu yana ta ƙoƙarin korar akwatin da babban yatsansa mai tabon mai, akwatin ya ƙi tafiya. Ban taɓa ganin yayana ya tsufa a gabana kamar wannan lokacin ba, kuma nan take na yi da-na-sanin yadda na faɗa.

A ranar muka cire akwatunan duka. Ya bar na dillalin zare kaɗai a gefe inda yake tun farko, shi ma dillalin da ya ga lamba ta faɗo bakwai ya janye abinsa. Yaya ya goge dogon sannu da zuwan, ya mayar da amsar nan mai hoto uku can sama, ya rubuta layi ɗaya a kanta yana ba Mai Tsohon Keke haƙuri, ya ce an share hanya.

Sai da aka yi mako uku sannan ta zo, ranar wata Talata. Shi ya kira ni a waya ya ce in zo in karanta masa, wai gilashinsa ba ya gani sosai. Ta gaishe shi tsaf kamar kullum. Ta ce sau huɗu tana gwadawa data na ƙarewa ba ta ga komai ba, har ta ɗauka ya sayar da shafin ne ga manya. Ta kai keken wurin wani, ya ce ya mutu ba ya gyaruwa. Ta mayar wa mutane yadinsu, keken kuma ta sayar wa masu sayen tsohon ƙarfe. Yau jikarta ta ara mata waya ta ga hotunan, ta gane notin, ta ma san shi, kullum tana goge shi. Ta ce yanzu tunda ba keke ba ta da abin tambaya, ta zo ne ta yi godiya, Allah ya saka da alheri.

Na gama karantawa ban iya ɗaga kai ba. Yaya ya tashi ya je ya wanke hannu, ya dawo ya zauna. Wannan karon bai ɗauko littafi da biro ba. Da yatsa ɗaya ya rubuta mata cewa ta faɗi inda take, yana da kekuna a kanta da ba mai su, zai haɗa mata ɗaya ya aika. Sannan ya ƙara a ƙasa: "Ko ba keke ma, ki riƙa zuwa."

Wata biyar ke nan ba amsa. Yana nan yana rubutunsa, duk mako ɗaya, shafin fes ba akwati ko ɗaya. Shekaranjiya na kai masa abinci na same shi yana kallon lambar nan ta ƙasa.

"Auta, in mutum ya shigo ya karanta bai ce komai ba, ana iya gane ko waye?"

Na ce ba a iyawa.

Ya gyaɗa kai. "To cikin bakwai ɗin nan, ƙila tana ciki."

Ni da ban taɓa barin ya faɗi abin da ba shi da tabbas ban gyara masa ba, na ajiye kwanon a kan tebur, na ce, "Ƙila, Yaya."