Lofen Malam a kwanon gishiri

Jiya a Yammedi na tarar da kakata, Inna, tana auna gishirin miya da lofen shan tabar marigayi mijinta. Wani ɗan Italiya da ya yi wa direba ne ya ba shi.

Na ɗauki hoton lofen na sa a shafin nan. Kafin la'asar wani mai tara irinsu ya neme ni, wai sassaƙar hannu ce, in yi masa kuɗi.

Da na gaya wa Inna, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Shi a gilashi zai kulle shi. Ni kuwa kullum sai na riƙe inda Malam ya riƙe."

Na gode Allah da na tambaye ta kafin in amsa.

Ku, me tsofaffinku suka hana a taɓa?