Muryar da A-Sake Ya Goge

Ƙarfe takwas na safe yake buɗe situdiyo, ko da mai ɗaukar waƙa ko babu. Ɗan ɗaki ne a bayan layin shaguna, tsakanin mai walda da tela. Da ya shiga sai ya tuɓe takalmi, ya ɗauko tsohon buroshin haƙori ya bi maɓallan na'urar haɗa sauti ɗaya bayan ɗaya, sannan ya kunna kwamfuta ya zauna yana jira ta gama nishinta. In za a ɗauki murya, sai ya kashe fanka don kada ƙararta ta shiga makirufo, ya buga bango sau biyu. Mai walda ya san bugun nan: ajiye ƙarfe zai yi sai ya ji an sake bugawa sau ɗaya. Shekara ashirin da biyu suna wannan zama, kuma mai waldan ya rantse mini ba a taɓa mantawa da shi an bar shi yana jira ba.

A-Sake muke ce masa, mu da muka koyi gambarar zamani, wato hip hop, a hannunsa. Daga bakinsa sunan ya fito. Za ka shiga ɗan akurkin da ya lulluɓe da soso da kwalin ƙwai, ka zage ka zuba baiti har gumi ya cika maka ido, ka fito kana baza kunne ka ji yabo. Ko ɗago kai ba zai yi ba. "Ya yi kyau," zai ce. "A sake." Ni kuwa Sarkin Sauri ya laƙaba mini, don kullum ina gaban kiɗa kamar wanda aka biyo.

Ƙarshen watan nan zai rufe situdiyon. Kunnensa na hagu ya mutu, na dama ma likita ya ce hanyar ya kama. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan, kuma na san na makara.

Jama'a sun san shi, in ma sun san shi, a matsayin mai haɗa kiɗa. Abin da ba su sani ba shi ne mawaƙi ne, kuma duk cikinmu babu wanda ya kama ƙafarsa. Ba ya gyara wa mutum da surutu. In ka kasa hawa kiɗa, sai ya miƙo hannu ka ba shi takardarka, ya shiga akurkin ya rera baitinka da kansa. A nan za ka ji inda ya kamata ka ja numfashi, da kalmar da ta yi maka yawa a baki. Sai ya sa maka muryar tasa a hedifon, kana ji a kunne kana bi, har baitin ya zauna maka. Da ka gama, sai ya goge tasa a gabanka, ya bi ta har kwandon shara na kwamfuta ya sake gogewa.

Na taɓa tambayarsa, "Maigida, don Allah me ya sa kake gogewa? Wallahi taka ta fi tawa daɗi."

"Shi ya sa ai," in ji shi. "In na bari, gobe ka saurara ka raina kanka. Waƙarka ce. Shiga ka sake."

Yana da nasa burin, ba wai babu ba. Akwai wani ma'aji a kwamfutarsa da ya rubuta wa "Nawa", inda yake tara kiɗan albam ɗinsa. Sai dai duk wanda ya yi daɗi, wani cikinmu zai ji ya maƙale, yana "Maigida, wannan ai ni ya dace da shi," shi kuma ya yi ɗan tsaki ya bayar. Ni kaɗai na kwashi uku. Matarsa, wadda muke kira Uwar Ɗaki, ta ce mini tana dariya, "Tun ina amarya nake jin albam ɗin nan zai fito baɗi. Yau 'yarmu ta fari na goyon nata ɗan, baɗin bai iso ba." Dariyar dai ba ta kai zuci ba.

Bari in faɗi nawa laifin, tunda shi ya fi ci mini rai. Waƙar da ta fito da ni, wadda har yau ake tare ni a hanya saboda ita, baitinta na biyu ya gagare ni kwana huɗu. A-Sake ya karɓi takardar, ya soke rabin abin da na rubuta ya zuba nasa, ya rera mini na bi. Da waƙar ta tashi aka gayyace ni gidan rediyo, mai gabatarwa ya tambaye ni wa ke bayana. Na gyara zama na ce baiwa ce kawai, ni nake rubuta abina, ni nake tsara abina. Ko sunansa ban kama ba. Tela ne ya ba ni labari daga baya cewa a shagonsa suka saurari hirar tare. Ya ce shi ransa ya ɓaci har ya miƙa hannu zai kashe rediyon, A-Sake ya riƙe shi ya ce, "Bari mana. Ji yadda yake magana a natse, ya daina sauri." Bayan nan na koma manyan situdiyo masu sanyin na'ura da kujerun fata. Shekara goma sha ɗaya, gaisuwar waya ma sai in ta kama.

Da labarin kunnen ya iso ni, kunya ta hana ni zuwa har mako biyu. Da na je, da shiri na je: zan tattara muryarsa daga tsofaffin ayyuka in fitar masa da albam ɗin da muka hana shi yi. Kwana uku ina tone ma'ajiyar kwamfutocinsa. Na samu muryoyin mutum sama da ɗari, har da tari da atishawa da rantsuwar waɗanda suka yi kuskure. Tasa babu ko ɗaya. Cikin "Nawa" kuwa ragowar kiɗa ne zalla, yana jiran ranar da A-Sake zai samu sarari ya hau.

Na ce to ya shiga yanzu mu ɗauka. Ya miƙe ya shiga akurkin. Na kashe fanka, na buga bango sau biyu. Ya fara da kyau, muryar tana nan yadda na san ta, amma layi huɗu kacal ya yi kiɗan ya kuɓuce masa, don ba ya jin ganga sosai. Ya sake, ya sake faɗuwa. A karo na uku ya cire hedifon ya rataye a ƙusa. Na jira in ji ya ce a sake. Cewa ya yi, "Buga wa mai walda, kada mu tsayar masa da aiki."

A hanyar gida na tuna wata mummunar ɗabi'ata. Ina ƙure ƙarar hedifon, kuma ina ture ɓari ɗaya daga kunne, abin da ya sha yi mini faɗa a kai, wai sautin yana zuba cikin makirufo. Washegari na nemo ainihin muryata ta waccan waƙar, ba kiɗa, na ɗaga sautin guraben da nake jan numfashi. Sai ga shi. Siririya, can ƙasa, kamar mai magana a ɗaki na uku, amma shi ne, yana rera baitin da na ce nawa ne.

Na kira Uwar Ɗaki da tela da mai walda, na kunna. Uwar Ɗaki ta dafe baki. Shi kuma ya matso ya manna kunnen dama a jikin lasifika, na ƙure ƙara, na maimaita har sau biyar. Irin siririn sautin nan shi ne farkon abin da kunnensa ya daina kamawa. Ya ɗago yana bin fuskokinmu da kallo.

"Ina kan kiɗa kuwa?"

"Daram, Maigida."

"To, alhamdulillahi." Ya juyo gare ni. "Amma sau nawa na ce maka ka rage ƙarar hedifon?"

Muka yi dariya, ni dai tawa da hawaye ta fito.

A-Sake, kai ne ka tsaya a baya muka yi gaba. Kai ne ka ara mana numfashinka muka yi suna da shi, ka ba mu kiɗan da ka ɓoye wa kanka ba ka taɓa goranta mana ba. Gwani mai goge sawunsa, mun gode. Allah Ya saka maka, Ya tsare maka abin da ya rage na jinka, Ya ba Uwar Ɗaki ladan haƙurinta. Masu haɗa kiɗa na yanzu, ku koyi haƙurinsa da tsabtar aikinsa, amma don Allah ku riƙa ajiye muryarku. Mu kuma mawaƙa, duk mai irin wannan mutum a bayansa ya kama sunansa tun yana iya ji.

Ni na bari sai da ya zama dole in rubuta, don in na faɗa da baki ba lallai ka ji ba. To ga shi a takarda, Maigida, kowa ya gani: rabin baiti na biyu naka ne, kuma shi ne rabin da mutane suke rerawa. Ka karanta a hankali. In ka ce a sake, zan sake.