Baba Ɗanjumma a Bayan Buhuna

Har yau ban mance wata ranar Alhamis da muka sa wa hatsi magani a Argungu ba. Lokacin ina mataimakin mai kula da sito na wata ƙungiyar manoma, ƙarƙashin Malam Bawa. Bayan kaka ne, sito cike da gero da shinkafa, sai muka fara ganin wasu jajayen ƙwari masu kama da 'yan gizo-gizo suna yawo a bakin buhuna. In ka zura hannu, gari kake ɗebowa.

Maganin da ake sawa shi ne ƙwayar da mutane ke kira bom. Ana jera ta tsakanin buhuna, a toshe tagogi, a kulle ƙofa na wasu kwanaki. Iskar da take fitarwa ba ta barin ƙwaro, kuma ba ta barin mutum. Ƙa'idarmu kafin a kulle, shugaba ya tsaya a ƙofa ya yi kira. Malam Bawa ya ɗaga murya, "Akwai kowa ciki?" Shiru. Muka datse.

Sai da muka yi sahun La'asar na ga babu Baba Ɗanjumma, tsohon leburanmu wanda kunnensa ya yi nauyi. Shi kuwa ko ruwa ake yi ba ya rasa jam'i. Ana sallamewa na hangi kekensa jingine a gindin darbejiya. Nan na tuna yakan raɓe bayan buhuna ya ɗan runtsa.

"Malam, wa ag ga Baba?" na ce.

Malam Bawa ya dubi keken, ya dube ni. "Shina ciki," ya ce a hankali.

Makulli ya ƙi shiga, sai da aka ɓalle kwaɗon da guduma. Wari kamar na tafarnuwa ya buge mu. Malam Bawa ya ɗauke numfashi ya kutsa, ya jawo Baba ta ƙafa. Tsohon ya yi amai a jikinsa, idanu a kafe. Har muka kai asibiti a Birnin Kebbi ban daina taɓa ƙirjinsa ba.

Allah ya yi da sauran kwana, amma bai ƙara ɗaga buhu ba.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, kuna min dariya don ina leƙa bayan kowane tarin buhuna kafin a kulle. Ku yi ta yi. Mai barci da kurma ba sa amsa kira, kuma duk shirunsu ɗaya da na sito wanda babu kowa.